Lamba Goma Sha Huɗu a Takardar Dokta

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da take tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura komai ba, 'yar uwa. Gajiya ce ta yi mini yawa, irin wadda ko ka kwanta ba ta sauka. Wanda yau ya fara karanta ni kuma, ga ni a taƙaice: Auta ake ce mini a gida, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a laburaren jami'a, a wani ɗan ofis na bene na biyu mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Ni da Mama kaɗai ne a gida tun rasuwar Baba, Yayata tana aure a wani gari. Akwai kuma mai nemana, malami a sashen koyar da likitoci, kowa Dokta yake ce masa, ni ma haka nake ce masa har yau.

Aikina ba shi da daɗin bayani, amma sai kun gane shi za ku gane halin da nake ciki. Duk malamin da yake neman ƙarin girma sai ya kawo jerin takardun binciken da ya wallafa a mujallu, ni kuma in zauna in tantance su. Ba yawansu kaɗai ake dubawa ba. Idan wani mai bincike a ko'ina a duniya ya yi rubutu ya jingina da aikinka, sai ya sa sunanka a ƙasan nasa. Wannan shi muke kira ambato, kuma akwai shafi a intanet da yake ƙirga shi. Wallahi za ku sha mamaki in kun ga manya masu furfura suna leƙa wannan lambar da sassafe tun kafin su wanke baki.

Wata biyar da suka wuce Dokta ya shigo ofishina da koren fayil, farar rigarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido, tabarau a goshi ya manta da shi yana laluben aljihu. Farfesa yake neman zama. Takardu arba'in da bakwai, ambato dubu ɗaya da ɗari tara da ɗoriya, dukansu a kan abu guda: yadda ake kula da waɗanda suka warke daga ciwon daji. Da ya faɗi haka biron hannuna ya suɓuce. Na sunkuya ɗauka, na ɗan jima a ƙarƙashin tebur kafin in ɗago.

Bayan kwana uku na kira shi a waya.

"Dokta, yaushe ka fara binciken kifi?"

"Kifi kuma?"

"Akwai takardu huɗu a shafinka a kan kiwon kifi a tafki. Ambato tamanin da shida."

Ashe wani ne mai irin sunansa, kwamfuta ta haɗe su. Na ce zan cire. Ya ce a hankali, "Duka tamanin da shidan?" Yadda ya faɗa, kai ka ce gaisuwar mutuwa aka yi masa. Dariya ta ƙwace mini, shi ma ya taya ni, daga nan abin ya faro. Yau ya zo duba fayil, gobe ya zo tambayar abin da ya riga ya sani, jibi ya zo da shayi a kofin takarda ya ajiye a gefen madannan kwamfutata. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya, kuma in ina magana yana ajiye waya ya kife ta. Ban taɓa samun wanda yake kife mini waya ba.

To ga abin da bai sani ba. Ina shekara ashirin da ɗaya wani ƙullutu ya fito mini a wuya, muka yi ta cewa kaluluwa ce za ta baje, ba ta baje ba. Ciwon daji ne. Wata takwas na yi a garin su Yaya ana ɗaura mini ruwan magani, gashina ya zube har gira, na rame na zama abin tausayi. Mama ta gaya wa dangi kwas na tafi yi. Har yau Gwaggo, ƙanwar Baba, takan ce wannan kwas ɗin bai karɓe ni ba, na dawo duk na bushe. Na warke, alhamdu lillahi, shekara shida ke nan ana dubawa ba a ga komai. Abin da ya rage shi ne wani tabo a ƙasan wuyana, tsawon ɗan yatsa. Shi ya sa duk rigunana masu rufaffen wuya ne, telata har ta daina tambaya. Daga ni sai Mama sai Yaya muka san zancen.

Ku ce mini me ya hana ni faɗa masa, shi da wannan ne aikinsa. Na tambayi kaina sau ba adadi. Farko na ce ai ba a yi nisa ba. Da aka yi nisa na ce ai yanzu an yi nisa. Kuma duk ranar da na ɗaura niyya sai in dawo gida in tarar da Mama tana walwala, tana tambayar me Dokta ya ce yau, sai in fasa.

Ranar Talata aka ce in haɗa manyan takardunsa biyar a buga su a kai wa kwamitin ƙarin girma. Ni fa ba karanta takardun malamai nake yi ba, take da shekara da sunan mujalla kawai nake dubawa, in ba haka ba kaina zai fashe. Wadda ta fi kowacce ambato, ɗari huɗu da goma sha biyu, hira ce da aka yi da matasa talatin da suka warke. Injin bugawa ya cije takarda a shafi na bakwai kamar yadda ya saba. Na buɗe cikinsa na zaro ta a yamutse, ina miƙar da ita a kan cinyata idona ya faɗa kan wani jadawali. Lamba goma sha huɗu: mace, shekara ashirin da biyu, ɗaliba, ciwon kaluluwar wuya, wata goma sha ɗaya da gama magani. A ƙasa kuma ga maganarta an sa ta a tsakiyar shafi ita kaɗai.

Maganata ce. An juya ta zuwa Turanci, amma mutum ba ya ɓata muryarsa.

Na tuna ranar sarai. Na je asibiti a duba ni, wata Sista mai fara'a ta ce ko zan ba ta minti talatin, bincike suke yi. Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki mai kujeru biyu, ta ajiye rikoda a tebur, ta ba ni takarda na sa hannu ban ko karanta sunan mai binciken ba. Ta ce ba za a sa sunana ba, lamba za a ba ni, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma tana kulle a durowarta. Minti talatin ya zama awa biyu. Wata goma sha ɗaya ba wanda ya tambaye ni yaya nake ji, to ranar na samu, na zazzage mata komai. Lokacin Dokta a wancan asibitin yake aiki, bai taɓa ganina ba, Sista ce take kai masa abin da aka rubuto daga rikoda.

Da na koma kan kwamfuta sai na yi abin da bai kamata ba, na danna jerin waɗanda suka ambaci takardar. Na buɗe ɗaya, na buɗe biyu, na buɗe goma. Ga maganata nan a rubutun mutanen da ban iya kiran sunan garinsu ba. Wata ma da ita ta buɗe babin littafinta. Na zauna ina kallon fanka. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu sun san abin da Gwaggona ba ta sani ba, kuma da shi ake shirin ba mai nemana kujerar farfesa. Ban yi kuka ba, ku yarda da ni. Yunwa ma na ji, na ci biskit ɗin da ke durowata har ya ƙare.

Ina cikin haka waya ta yi ƙara. Shi ne.

"Albishirinki! Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. Za mu koma mu nemo mutum talatin ɗin nan mu ji yadda rayuwa ta yi da su. Sista za ta kawo mini sunayen ranar Litinin."

Wani ya biyo baya: "Wannan shi ne aikin da masu tantancewa suke son gani. Ki taya ni addu'a."

Sai na uku, da 'yar fuska mai murmushi: "Kar ki manta, Alhamis zan zo gaida Gwaggo. Asabar kuma Hajiyata da kawunnaina za su zo neman aure."

Na rubuta "Allah ya sa albarka," na tura, na kife wayar ni ma.

Da na koma gida na tarar Mama ta sauke labulen falo ta wanke, tana gugarsa a kan tebur ɗin cin abinci. Ta fito da faranti masu bakin zinare da ba a taɓa su tun bikin Yaya, ta jera a kan kabad. Gidan sai ƙamshin sabulu da ɗumin dutsen guga. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa.

"Mama, zan faɗa masa."

Ba ta ɗago ba. "Faɗa masa me?"

"Kin sani."

Ta kafa dutsen guga a tsaye. "Auta, kwana huɗu ya rage. Kwana huɗu. Shekara nawa ina kai goshina ƙasa a kanki? Mutum ya zo har gida, mai hankali, mai aiki, mai kunya, ke kuma kina son ki watsa mana ƙasa a ido da bakinki?"

"Ranar Litinin zai gani da idonsa. Sunana yana cikin takardar da za a kawo masa."

Na yi mata bayani yadda zan iya, Sista da rikoda da lamba. Ban gaya mata abin da na faɗa a hirar ba, bakina ya ƙi. Ta saurara tana murza gefen labule.

"To ai Litinin bayan Asabar take," ta ce. "In manya suka zauna suka yi magana, ya zama magana. Ba zai iya janyewa ba, kunya ba za ta bar shi ba."

"Mijin da kunya ta riƙe mini shi kike so in zauna da shi?"

"Ni miji nake so ki zauna da shi." Muryarta ta karye a nan. "Shi likita ne, zai gane. Uwarsa fa? Ɗanta ɗaya namiji. Kin san abin da za ta fara tambaya, kuma ba mu da amsa. Ki rufa mini asiri, Auta, na gaji da ganin ƙawayenki da goyo."

Ni ma na gaji. Na shige ɗaki na cire takalmi, na kwanta da kayan aiki a jikina. Na kira Yaya, ta ce ita ba ruwanta, amma in na faɗa in tabbatar Mama ta sha maganin hawan jininta tukuna. Taimakon da na samu ke nan.

Alhamis Gwaggo ta iso tun azahar, da ƙaton mayafi ruwan goro da jaka mai sarƙa, tana shigowa ta shafa saman talabijin ta duba yatsa. Ta kalle ni sama da ƙasa. Doguwar riga ruwan toka na sa, mai maɓalli har maƙogwaro, da farin ɗankwali.

"Ke kullum kamar mai zuwa neman aiki. Ba ki da riga mai ɗan wuya ne? Da wannan zafin?"

"Haka nake so, Gwaggo."

"Haka kike so, shi ya sa kika kai yanzu."

Bayan la'asar Dokta ya yi sallama. Shuɗiyar riga ya sa, ya zo da ledar lemo da tuffa, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida su, ya ƙi hawa kujera sai da Gwaggo ta rantse. Mama ta kawo shayi a sabbin kofuna. Ni na zauna a ƙaramar kujera kusa da ƙofar kicin, hannuna a cinya, ina ƙirga furannin kafet.

Gwaggo ba ta san zagaye ba. "To ɗana, an ce mini likita ne kai amma ba ka duba marasa lafiya. Me kake yi ke nan?"

Ya yi murmushi. Ya ce yana dubawa kwana biyu a mako, sauran kuma bincike. Ya ce mutane suna zaton in an warke an gama, alhali a nan wata wahalar take farawa: aiki, aure, tsoron dawowar ciwo. Ya ciro waya ya nuna mata shafinsa, ga hotonsa ga dogayen layuka suna hawa shekara bayan shekara.

"Wannan lambar fa?"

"Yawan waɗanda suka yi amfani da aikina ne, Gwaggo."

"Suna biyanka?"

"A'a."

"To Allah ya kyauta," in ji Gwaggo. Har Mama sai da ta yi dariya.

Da a nan aka tsaya da na gode wa Allah. Amma an taɓo masa inda yake so, kuma yana son ya burge. Ya gyara zama ya ce, "Bari in karanta muku abu ɗaya, za ku gane. Wata yarinya ce a cikin waɗanda muka yi hira da su, ban san ta ba, lamba goma sha huɗu muke ce mata. Duk duniya wannan maganar ake ɗauka a takardar." Ya sauke tabarau, yana karantawa yana mayarwa da Hausa a hankali.

"Ranar da likita ya ce na warke, mahaifiyata ta yi kuka ta gode wa Allah. Muna cikin mota za mu koma, takardar sallama tana hannunta, ta ce in rantse ba zan taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce babu uwar da za ta bar ɗanta ya auri wadda aka yi wa wannan maganin. Na rantse. Ciwon wata takwas na yi, ɓoyon kuma ban san ranar gama shi ba. Wani lokacin ina jin kamar ta fi jin kunyata yanzu fiye da lokacin da ba ni da gashi."

Mama tana cikin zuba wa Gwaggo shayi. Kofin ya cika, ya tumbatsa a faranti, ba ta daina zubawa ba sai da Gwaggo ta ce, "Ke, lafiya?" Ta ajiye butar. Ba ta kalle ni ba.

Gwaggo ta tafa hannu. "Inna lillahi! Wace irin uwa ce wannan? Yarinya ta tsallake mutuwa, maimakon ki ɗaga kai ki yi alfahari, sai ki sa ta rantsuwa? Kai, wasu iyayen dai ba su da imani. Ko ba haka ba, Maman Auta?"

"Haka ne," in ji Mama. Da ƙyar aka ji ta.

"Ba rashin imani ba ne, Gwaggo," Dokta ya ce. "Tsoro ne. Abin da muka rubuta ke nan, iyayen ma suna bukatar wanda zai zauna da su."

Mama ta tashi ta ce bari ta ɗauko tsumma. Ta wuce ta gabana, gefen zanenta ya shafi gwiwata, ta shiga kicin ta kunna famfo. Tsumman bai fito ba har Dokta ya yi sallama.

Na raka shi mota. Rana ta yi sanyi, maƙwabcinmu yana wanke babur a ƙofar gidansa, ruwan yana gangarowa ta ƙarƙashin tayar Dokta. Ya buɗe ƙofa yana fara'a, yana tambaya ko ya ci jarrabawar Gwaggo. Na ce ya shiga, na zagaya na shiga ɗaya gefen, abin da ban taɓa yi ba a ƙofar gida. Na ɓalle maɓallin sama guda biyu, na ja wuyan rigar gefe kaɗan.

Likita ne, ba ya bukatar bayani. Ya kalli tabon, ya kalle ni.

"Ni ce sha huɗu," na ce.

Hannunsa yana kan sitiyari, makullin yana lilo. Ina jiran ɗayan biyu, ko ya ce me ya sa kika ɓoye mini, ko ya ce sannu. Na shirya wa kowanne. Ga abin da ya fito daga bakinsa:

"To ai ba za a iya sa ki a bincike na biyu ba. Kwamiti ba zai yarda ba, akwai alaƙa tsakaninmu. Kuma sha huɗu ce ginshiƙin takardar."

Jama'a, na yi dariya. Ba ta daɗi ba, amma na yi. Na mayar da maɓallaina ɗaya bayan ɗaya.

"Sun zama ashirin da tara ke nan. Allah ya ba ka haƙuri, Dokta. Wannan ya fi na kifi ciwo."

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Fuskarsa ta canza, ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu. "Auta, ba haka nake nufi ba. Wallahi kaina ne ya... Subhanallahi. A gaban Mama na karanta. A gabanta."

"A gabanta."

"Shekara nawa yanzu?"

"Shida. Ba a ga komai ba."

"Alhamdu lillahi." Ya faɗa da gaske, na ji a muryarsa. Sannan na ga ya shiga lissafi a ransa, na san kuma abin da yake lissafawa, domin shi ya rubuta takardu a kan abin da wannan maganin yake yi wa mahaifa. Na ce masa Asabar fa? Ya ce in ba shi zuwa gobe. Na fita na rufe masa ƙofa a hankali.

A ciki Gwaggo tana ta yabonsa tana cin tuffa, har ta tafi ba ta lura da komai ba. Mama ta shige ɗakinta ta tura ƙofa. Na kai mata maganinta da ruwa, ta karɓa ta sha, ta miƙo mini kofin ba tare da ta ɗago ba. Ina juyawa ta ce, "Na fi jin kunyarki? Haka kika gaya wa duniya?" Na ce shekarata ashirin da biyu lokacin, Mama. Ta ce, "Yanzu fa?" Na fita da kofin na ja mata ƙofa, domin ba na son in yi mata ƙarya kuma ba na son in ƙara mata.

Yau Juma'a ban je aiki ba. Da safe ina shanya a bayan gida saƙonsa ya shigo, dogo, ba ko fuska mai murmushi.

"Na rubuta wa kwamitin ɗa'a. Dole a cire ɗayanmu daga binciken, na ce a cire ni, abokin aikina zai karɓa. Ke ki yanke ko za ki shiga, ba ni da iko a kai. Kujerar farfesa za ta jira."

Na zauna a kan bokitin da na kife. Na san abin da wannan aikin yake a wurinsa, ni na jera masa fayil. Kafin in gama haɗiye wannan, na biyu ya shigo.

"Na gaya wa Hajiya, ba zan kawo ta gidanku a rufe ba. Ta tambaye ni ko za ki haihu. Takarda uku na rubuta a kan wannan tambayar, kuma ban san amsarki ba."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na tura masa gaskiya: "Ni ma ban sani ba." Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Wayar Mama ce ta yi ƙara a falo. Na shigo da hannuna a jiƙe. Tana zaune a kan kujerar da Dokta ya zauna jiya, idonta a kumbure, wayar tana ruri a tafin hannunta. Ta juyo mini da fuskar wayar in gani: Hajiyar Dokta. Na ce ki bari ta katse, Mama, ba dole ba ne yanzu. Ta kalle ni, kallo na farko tun jiya, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ɗauka.

Suka gaisa, lafiya lau, ya gida, ya jiki. Sai Mama ta katse gaisuwar.

"Hajiya, kafin ki ce komai. 'Yata ta yi ciwo, ta warke, kuma ta so ta faɗa tun farko. Ni na sa ta rantse. In akwai wadda za a ga laifinta ni ce. Abin da kike son tambaya kuma ba mu sani ba, sai abin da Allah ya yi. In kun zo gobe muna nan, in ba ku zo ba ma muna nan."

Mama ta kasa kunne. Ina jin muryar matar siririya daga cikin wayar amma ba na gane kalma ko ɗaya. Hajiya ta yi magana mai tsawo. Can sai Mama ta miƙo ɗaya hannun ba tare da ta kalle ni ba, ta kama tsintsiyar hannuna ta riƙe gam, har yanzu da nake rubuta muku da shatin yatsunta a jikina.

"To, Hajiya," ta ce. "Ga ta nan kusa da ni. Ki faɗa mata da bakinki."

Ta miƙo mini wayar.